Ƙanena Ya Ƙi Bari A Jefa Ƙwallo

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe 5:40 na yamma

An cinye mu 13 da 10, kuma a filinmu.

Jaririn garin nan ma ya san a ƙwallon zari-ruga irin tamu yunƙuri huɗu ake ba ka ka ci yadi goma. Muna yunƙuri na uku, saura yadi tara, sai aka danƙa wa mutum ƙwallo a hannu wai ya kutsa tsakiyar ƙattan nan. Yadi biyu ya yi suka danne shi. Sau shida yau ana yin haka. Muna da Haskew, yaron da zai iya jefa ƙwallo ta tsallake tafkin garin nan, an mayar da shi mai miƙa kaya.

Mutum dubu sittin suna ihu: "A jefa! A jefa!" Daga baya waƙar ta koma "A kori Kasprzak!"

Ni ma Kasprzak ce. Shekara talatin da ɗaya ina zama a kujera ɗaya a filin nan, maƙwabtana duk sun san kocin da ke zaune can sama bayan gilashi yana zaɓar salon wasan da za a yi ƙanena ne, Len. Ba wanda ya kalle ni. Da sun kalle ni ma da ya fi min sauƙi.

Ban yi ihu ba. Amma bakina ya buɗe, na ji shi.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe 10:30 na safe

Tun ban gama ɗora kofi ba Otis ya shigo, ya zauna a kujerarsa ta ƙarshen kanta. Shekara ashirin da shida yana tuƙa bas a garin nan, tun da ya yi ritaya kuma ya zama koci a gidan abincina.

"Bernie, ƙwai biyu. Amma kada ki jefo min, miƙo min a hannu a hankali, irin na gidanku."

Duk wurin aka kwashe da dariya. Na ce masa in ya ƙara, a ka zan fasa masa su.

"Tsakani da Allah," in ji shi, "ni na ga Len yana ɗan shekara talatin yana sa a yi jifa daga bakin layinmu. Mahaukacin Len muke kiransa. Ina aka kai wancan? Wannan na yanzu ko kakata ta fi shi ƙarfin hali, ita kuwa ta rasu tun zamanin talabijin mara kala."

Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Rediyo tun safe maganar ɗaya ce. Wani ya bugo waya ya ce ya ƙirga, a wasa shida ba a jefa ƙwallo mai nisa ta tsakiyar fili ba ko sau ɗaya. Ni ma na ƙirga. Ni kaɗai dai na san ranar da aka fara ƙirgen.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe 7:00 na yamma

Na kira Len sau huɗu. Bai ɗauka ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe 3:15 na yamma

Wani ya rubuta A JEFA da jan fenti a gilashin shagona. Awa guda ina kankara. Otis ya ce in bar shi, wai ai talla ce.

Paula, matar Len, ta kira. Ta ce mijinta in ya dawo ba ya magana da kowa, sai ya sauka ɗakin ƙasa ya kunna bidiyon wasa. Ba na ƙungiyar da za mu kara da ita ba. Wancan na Disamba. Daƙiƙa tara ne duka, sai ya kalla, ya mayar baya, ya sake kalla.

Na ce mata na gane. Ba zan rubuta maganar Disamba a nan ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe 4:50 na yamma

Wasan waje, a talabijin na kalla. Mun ci 9 da 6, duk makin da bugun ƙafa. Ban taɓa ganin nasara mai ban kunya irin wannan ba. An nuno Haskew a gefen fili ya buga hular kwanonsa da ƙasa. Sannan aka nuno Len, ya kare bakinsa da takardar wasanni. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ni na rene shi bayan Mama ta rasu, ina da sha tara yana da bakwai. Na san fuskarsa in yana tunani, na san ta in yana jin tsoro. Masu sharhi suka ce yana tunani.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe 6:20 na yamma

Na je cibiyar jinya kamar kullum, wurin Lamont, ɗan wasanmu da aka yi wa mummunan karo a Disamba jikinsa ya shanye. Len bai san ina zuwa ba. Wata goma ke nan, duk Talata, da kwanon pierogi, ƙullin fulawa mai dankali da cuku a ciki, don Lamont ya ce abincin cibiyar kamar jiƙaƙƙen kwali yake.

Yau ya riƙe cokali mai yatsu da kansa. An ɗaure masa shi a hannu da madauri, ya kai baki sau uku kafin ya gaji. Hannun da ya cafe ƙwallo tamanin da huɗu bara. Na juya ina gyara labule don kada ya ga idona.

"Madam Bernie, kin kalli wasan Lahadi?"

Na ce na kalla.

"Ni barci na yi. Mutumin da ke kwance dare da rana aka sa shi barci, ki duba fa." Ya yi dariya, sannan ya daina. "Saboda ni ne, ko?"

Na ce ban sani ba. Ya ce in daina, ba na iya ƙarya.

"Ki gaya wa Koci yana ba ni kunya. Yaran nan abokaina ne, suna kirana. Sun ce ko a atisaye ya cire jifan tsakiya daga littafin wasanni. Ki gaya masa."

Mahaifiyarsa, Misis Pettiford, tana zaune a kusurwa tana ninke tawul. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ya zo da ƙafarsa a gaya masa. Minti ashirin ne daga ofishinsa."

Sau ɗaya Len ya je, ranar da abin ya faru, a babban asibiti. Ya tsaya a baranda, bai shiga ba.

Zan kai shi. Ban san ta yaya ba, amma zan kai shi.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe 8:10 na dare

Na je gidan Len ba tare da na kira ba. Paula ta buɗe min ta nuna min matakala da ido.

Ya kashe bidiyon da ya ji tafiyata. Na ce na zo mu yi maganar ƙwallo, ba maganar gida ba. Ya ce to. Ya shiga jero min dalilai: masu kare mai jifa biyu sun ji rauni, iska tana da ƙarfi a filinmu, ƙungiyar da ba ta zubar da ƙwallo ita ke kai wa ƙarshen kaka.

"Kare ƙwallo muke yi, Bernie."

"Ƙwallo kake karewa, Len?"

Ya kau da kai.

Na ce, "Lamont ya ce in gaishe ka."

Ya tambaye ni yaushe na ga Lamont. Na gaya masa, duka, tun daga Janairu. Ya miƙe ya ce wa ya aike ni. Ya ce ni mai sayar da kofi ce, in tsaya a kofina. Ni ma na faɗi wata magana a kan Baba da abin da zai ce in da yana raye. Bai kamata in faɗa ba. Ba zan maimaita ta a nan ba.

Ya ce in fita. Na fita. Paula ta biyo ni har mota da rigar sanyina da na manta.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 6:00 na yamma

Suna gabanmu da maki huɗu, saura minti uku, muna tsakiyar fili, yunƙuri na huɗu, saura yadi ɗaya tak. Haskew yana ɗaga hannu yana roƙo a bar shi. Sai muka ga mai bugun ƙafa yana shigowa. Aka buga musu ƙwallon can, aka ce ungo. Ba mu ƙara taɓa ta ba.

Na yi ihu. Na miƙe tsaye, na haɗa hannuwa a baki, na yi ihu har muryata ta dushe. Ba sunansa na kira ba. "A jefa" na ce. Amma na yi.

Paula ta ce babban koci ya tambaye shi ta waya, "Len, kana da wasan da zai ci mana yadi ɗaya?" Ya ce babu. Mutumin da ke da wasa ɗari biyu a takarda.

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe 2:30 na rana

Ashe kyamara ta ɗauke ni. Tun asuba hotona ke yawo a wayoyi, baki buɗe kamar na kifi, an rubuta a ƙasa: HAR YAYARSA. Rediyo sun kira shago sau biyar. Wata yarinya ta zo da makirufo, na ce mata in ba abinci za ta ci ba ƙofa na nan.

Wani baƙo da ban sani ba ya ɗaga kofinsa ya ce a tafa min. Ya ce wai tun da Len ya karya yaron nan ya kamata a kore shi. Ban san lokacin da Otis ya taso ba. Da shekarunsa saba'in da biyu ya tsaya a kan mutumin.

"Malam, a nan mu muke zagin Len, don mu muka san shi tun yana share teburan nan. Kai ba ka da lasisi. Shanye kofinka ka kama hanya."

Da mutumin ya fita, Otis ya dawo kujerarsa ya ce, "Amma fa yadi ɗaya, Bernie. Yadi ɗaya!"

Mai kulob ya gaya wa 'yan jarida za a duba komai bayan wasa biyu. Kowa ya san fassarar wannan.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe 5:30 na safe

Len ya ga hoton. Ba zan ba shi haƙuri ba. Ba yanzu ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe 5:45 na yamma

Juma'a kociyoyi kan tashi da wuri. Na rufe shago ƙarfe ɗaya, na je na gindaya motata a bayan tasa a wurin ajiye motoci na kulob. Mai gadin ya san ni, ya kau da kai.

Len ya fito ya tsaya yana kallona.

"Matsar da motar, Bernie."

"Shiga."

"Ina da aiki."

"Na ga aikin ranar Lahadi. Shiga, ko in danna hon har 'yan jarida su fito. Ka san yanzu suna sona."

Ya shiga. Na tuƙa mu har cibiyar. Na kashe mota a gaban ƙofa. Ya ɗora hannu a kan marfi, bai buɗe ba. Minti arba'in muna zaune, gilashi ya yi hazo da numfashinmu.

Daga ƙarshe ya ce, "Na ga mai tsaron bayan nan yana matsowa tun kafin a fara. Na gan shi. Ina da daƙiƙa biyar da zan canza wasan. Na ce Lamont ya fi shi gudu."

Shi ne karo na farko da ya yi maganar da bakinsa.

Na ce, "To shiga ka gaya masa."

"Ba zan iya ba."

Na mayar da shi. Da zai sauka na ce masa Juma'a mai zuwa ina nan, da ta bayanta, ko yana da aiki a nan ko ba shi da shi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, ƙarfe 4:30 na yamma

An sake cinye mu, 16 da 7. Jiya i yau. Ban ma ƙirga ba.

Talata, 11 ga Nuwamba, ƙarfe 6:40 na yamma

Na gaya wa Lamont mun zo har ƙofa. Ya ce ya sani, wata nas ta gan mu.

"Minti arba'in? Koci ya daɗe bai yi abu mai tsawo haka ba."

Ya ce ranar Juma'a a saukar da shi ƙasa, shi zai jira a waje. Misis Pettiford ta ce sanyi ya yi yawa, huhunsa ba zai ɗauka ba. Suka yi ta ja. Shi ya ci.

Ta rako ni har lif. Ta ce, "Ki ji ni da kyau, Bernadette. Ɗana ne ke son ganinsa, ba ni ba. Ban ce na yafe ba, ban kuma ce yana da laifi ba. Ni dai na san wanda ke juya yaron nan a gado duk bayan awa biyu. Kada ƙanenki ya zo yana min kuka in lallashe shi. Ba ni da ƙarfin wannan."

Na ce ba zai yi ba. Ban san ko gaskiya na faɗa ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, ƙarfe 7:15 na yamma

Ban ma gindaya mota ba, na sami Len tsaye yana jirana.

Muna shan kwana muka hango Lamont a bakin ƙofa a kan keken guragu, an naɗe shi da barguna biyu, da hular kulob a kansa, uwarsa tsaye a bayansa. Len ya ce, "Wayyo Allah." Na ce masa yaron nan minti goma likita ya ba shi a waje, ya rage nasa.

Ya sauka. Tafiyar ba ta fi taku talatin ba, amma sau biyu yana tsayawa. Na sauke gilashi.

Lamont ne ya fara. "Koci, ka tsufa."

Len ya buɗe baki, Lamont ya tare shi.

"Tsaya, ni zan yi magana, sanyi nake ji. Ka tuna wa ya zo ya same ka a hutun rabin lokaci ya ce tsakiya a buɗe take, a ba ni? Ni ne. Sau biyu na roƙe ka. Ni ma na ga mutumin nan yana zuwa, ina da ido. Na miƙa hannu don ina son ƙwallon. Kuma na cafe ta, Koci. Ba wanda ke faɗin wannan. Na cafe ta, ban sake ba."

Len ya ce, "Yadi ashirin da uku."

"Da huɗu."

"Da uku."

"Ka je ka sake kallo."

"Na kalla," in ji Len. Sai ya durƙusa a kan siminti ya dafa hannun keken, kafaɗunsa suna rawa. Misis Pettiford ta kalli gefe. Ta ba shi kamar minti ɗaya, sannan ta ce, "Ya isa. Tashi ka tura shi ciki, hannuna ya ƙage."

Na zauna a mota awa ɗaya da rabi. Ban san abin da suka ce a sama ba, ban kuma tambaya ba. A hanyar dawowa ya ce Lamont ya kira littafin wasanninsa littafin addu'a.

A bakin gidansa na ce masa maganar da na yi a kan Baba ban kyauta ba. Ya ce, "Ihun fa?" Na ce wannan yana nan daram.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, ƙarfe 5:55 na yamma

Yunƙurin farko da muka karɓi ƙwallo, Haskew ya ja baya ya narka ta can tsakiyar fili. Abokan hamayya suka cafe. Filin ya yi tsit, mutane suna kallon juna kamar su suka jawo.

Da muka sake karɓa, Len ya sake kiran jifa ta wuri ɗaya. Yadi talatin da takwas. Matar da ke gefena, wadda rabon da ta yi min magana tun Satumba, ta rungume ni har tabarauna ya faɗi.

A zango na uku aka maka wani ɗan wasanmu da ƙasa a daidai tsakiya, bai tashi nan take ba. Ban kalli fili ba, sama na kalla, wurin gilashin. Ba a ganin komai daga nan. Yaron ya tashi ya fita da ƙafarsa. Wasa na gaba Len ya sa an ruga da ita a hannu, na gaba ma haka. Na ce shi ke nan, ya koma. Na uku ya sa aka jefa.

An cinye mu 31 da 27. Saura minti ɗaya muna dab da gidansu aka sake cafe jifar Haskew.

Muryata ta tafi gaba ɗaya.

Litinin, 17 ga Nuwamba, ƙarfe 3:40 na yamma

Sun sallami Len ƙarfe tara na safe. A rediyo na ji, ina juya dankali.

Sha biyu da rabi, shago cike, sai ga shi ya turo ƙofa. Rabonsa da nan tun bara. Cokula suka tsaya. Ya ratsa tsakanin tebura ya zauna a kanta, kujera ɗaya tsakaninsa da Otis. Na zuba masa kofi.

Otis ya daɗe yana kallon farantinsa. Can ya juyo.

"Len."

"Otis."

"Saura minti ɗaya, yadi shida ya rage, kana da hutun tsayar da agogo biyu a aljihu. Me ya kai ka jifa? Ai sai ka danƙa wa mutum a hannu ya kutsa!"

Wani a baya ya ce, "Ni ma abin da na ce ke nan!" Wani ya ce ƙarya yake, shi ya fi kowa ihun a jefa. Kan ka ce me, wuri ya kaure. Len ya kalle ni, na ɗaga kafaɗa. Sai ya jawo kwalbar gishiri da ta barkono da ta tumatir, ya jera su a kanta, ya ce, "Matso, tsoho, in nuna maka inda mai tsaronsu ya tsaya." Mutum takwas suka taso suka kewaye shi. Har ƙarfe biyu suna musu, ba wanda ya yarda da shi.

Bai san abin da zai yi nan gaba ba. Paula tana maganar su sayar da gida. Wannan na wani makon ne.

Da zai tafi na ce masa Juma'a ƙarfe biyu. Ya ce ba sai na zo ɗaukarsa ba, ya san hanya.